Itatuwan Teku a Falon Ikrima

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan La'asar

Ruwa ya ragu da yatsa biyu tun jiya. Zafi ne. Na cike da ruwan saman da na tara a jarkoki tun damina. Ban ƙara gishiri ba, domin ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan. Duk shida lafiya. Na Uku ya fito da sabon toho a ka, siriri kamar bakin allura.

Saboda su na sayi wannan littafi. Wata bakwai ke nan da wani direban motar manja ya kawo mini 'ya'yansu daga Kalaba, naɗe a jiƙaƙƙen buhu, dogaye kamar 'ya'yan zogale. A can na yi shekara ashirin da biyu ina aikin gwajin ruwa, kullum ina wuce irin waɗannan itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri a bakin teku. Mangurob ake ce musu. In na faɗa wa mutanen Anka sai su ce mangwaro, har na daina gyara musu. Suna cikin akwatin gilashi a falona, yashi a ƙasa, fitilar sola a sama, ga ɗan injin da ke hura iska ruwan na kumfa. A sanina ba wanda ya taɓa raya su a wannan ƙasa tamu.

Da azahar Yaya Marka ta iso daga Duza a babur. Ɗanta Sufyanu ke tuƙi, 'yarsa Hafsa a tsakiya an ɗaure ta da zane. Ba su aiko ba. Yarinyar shekararta huɗu, wai kwana biyar tana amai, ba ta cin komai. Uwarta Aisatu tana jego, an baro ta can.

A zaure na tare su. Na ce su cire takalma, su zaga baya su tuɓe kayan da suka zo da su, a jiƙa a bokiti, su yi wanka kafin su shiga ko'ina.

Yaya ta dube ni ta ce, "Ikrima, gidan ƙanena niz zo ko gidan Bature?"

Na ce ƙura ce ba na so.

Matata Shafa'atu ta kai su ɗakin baya.

Talata, 23 ga Afrilu, da hantsi

Na goge ganye ɗaya bayan ɗaya da auduga da ruwan daɗi. In aka bar gishiri ya bushe a kansu sai su toshe. Ganye goma sha tara.

Ina cikin haka na ji mutum a bakin ƙofa. Hafsa ce, ta dafa bango. Bara da suka zo Sallah, Tsoho Mai Kwalba take ce mini, ta tsokane ni ta ruga. Yau a hankali take magana.

"Kaka, da kihi ciki?"

Na ce babu, itace ne.

"Itace cikin ruwa?"

Na ce ta koma wurin kakarta. Ta juya. Na kalli tafiyarta, tana tangaɗi kamar ƙasa na motsi a ƙarƙashinta. Na san wannan tafiya. Na karanta bayaninta a takardu shekaru da yawa da suka wuce.

Sufyanu ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, asibiti munka zo. Kai ka san hanya, kai ka san mutane. Mu tahi yau?"

Na ce kada a yi gaggawa. Na ce wataƙila zazzaɓin sauro ne, a ba ta magani a ga kwana biyu ko uku. Na ɗauko ƙwayoyi daga akwatina na ba shi. Ya yi godiya har sau uku.

Asibiti tambayoyi suke yi. Ba kowace tambaya ce ta shafi lafiyar yaro ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu, bayan La'asar

Kwana tara ba wuta. Batirin sola ke riƙe da fitila da injin iska da fanka ɗaya. Fankar tana fuskantar gilashin, domin in ruwan ya yi zafi sosai saiwa na ruɓewa.

Shafa'atu ta shigo ba sallama. Ta ce ɗakin baya kamar tanda yake, yarinyar na ta juyi, a bari a shimfiɗa mata tabarma a falo ko a ba su fankar na awa biyu.

Na ce batirin ba zai ɗauki komai a wani ɗakin ba, waya ba ta kai. Na ce falo kuwa ba wurin mai amai ba ne.

"Malam, an wanke ta, an wanke kayanta. Wace ƙura kuma kake tsoro?"

Na ci gaba da duba gilashin.

"Ka san abin da ke cikin ƙurar nan, ko?" in ji ta. "Tun a zaure na lura. Mutum ba ya jiƙa kayan 'yar'uwarsa a bokiti don ƙurar hanya."

Na ce ta fita, tana tare mini haske.

Ta ɗauki mafici ta tafi. Har la'asar ina jin ƙarar maficin.

Juma'a, 26 ga Afrilu, da safe

Yatsa biyu da rabi. Na cike. Tohon Na Uku ya fara buɗewa.

Asabar, 27 ga Afrilu, kafin La'asar

Na fita alwala, ban rufe ƙofa ba. Minti biyar ne.

Da na dawo Hafsa na tsaye a kan kujerata ta katako, hannu ɗaya a bakin gilashi, ɗayan a sama. Tsakanin yatsunta ga tohon Na Uku. Ta cire shi ɗungum. Wannan itace daga ka yake girma. In aka karya kan, sai abin da Allah ya yi. Wata bakwai na jira wannan toho.

Ta miƙo mini shi ta ce, "Kaka, ga hure."

Na buge hannun. Ta faɗo daga kujerar. Kujerar ba ta da tsawo, ba ta kai gwiwata ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni.

Yaya ta zo ta ɗauke ta.

Na tsinci tohon a ƙasa. Ba ya mannuwa.

Asabar ɗin dai, bayan Magariba

Wajen ƙarfe biyar jikin Hafsa ya sanƙare, idanu suka juye, kumfa a baki. Shafa'atu ta yi ihu har maƙwabta suka shigo. Sufyanu bai tsaya tambayata ba wannan karon. Ya tayar da babur, Yaya ta rungume ta a baya, Shafa'atu ta bi su a ƙasa ko mayafi ba ta gyara ba.

Ni na zauna. Dole wani ya tsare gida.

Ban buge ta da ƙarfi ba. Ciwon yana jikinta tun kafin ta zo. Duk wanda ya san abin zai faɗa maka faɗuwa daga kujera ba ta kawo haka.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da hantsi

Ban buge ta da ƙarfi ba.

Litinin, 29 ga Afrilu, bayan Azahar

Sufyanu ya zo ɗaukar bargo. Idanunsa jajur. Ya tsaya a bakin falo, ya riga ya koyi ba a shiga.

Ya ce an ɗebi jininta an sa a wata 'yar na'ura, lambar ta haura har inda na'urar ke iya nunawa. Ya ce gubar dalma ce. Ya ce ma'aikaciyar jinyar ta tambaye shi yaushe aka fara ganin alamu, da ya ce kwana goma sai ta rufe ido ta ce me suka tsaya yi har yanzu.

"Me ka ce mata?"

"Na ce muna ba ta maganin zazzaɓi."

"Wa ka ce ya ba ku?"

"Ba ta tambaya ba, Kawu."

Sai ya ce sun tambaya ko ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Ya ce musu e. Sun ce za su je Duza su gwada ƙasar gidan da rijiya, kuma suna son sanin mai injin niƙan, don a yi magana da shi a fitar da shi bayan gari.

"Mi zan ce musu?"

Na ce, "Wa ke kunna injin?"

"Ni."

"Wa ke zuba dutse?"

"Ni."

"A gidan wa yake?"

Na ce to me yake tambayata? Na ce ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ina da suna a garin nan, in sunana ya shiga takardar mutanen nan ba zai ƙara wa yarinyar lafiya ko kaɗan ba. Na ce ya tuna lokacin da yake zaune ba aikin fari ba na baƙi, wa ya ɗaga shi.

Ya ce, "Na tuna, Kawu."

Ya ɗauki bargon ya tafi.

Inda aka karya Na Uku ya yi baƙi. Sauran biyar lafiya.

Laraba, 1 ga Mayu, bayan La'asar

Shafa'atu na dafa abinci sau biyu ta kai asibiti. Nawa takan rufe ta ajiye a bakin ƙofa kamar na baƙo. Tuwon yau ba gishiri. Na ci haka nan.

A masallaci an tambaye ni mai jiki. Na ce da sauƙi. Liman ya sa an yi mata addu'a, na shafa tare da kowa.

Asibitin tafiyar minti goma ce daga nan. Ba na son warin wurin, tun ina yaro.

Juma'a, 3 ga Mayu, da hantsi

Yaya ta zo wanki. Ina goge ganye na ji ta a bayana. Ta shigo har tsakiyar falo da takalmanta. Ta rame, zanenta na mata yawa.

Ta tsaya tana kallon hannuna har na gama ganye uku.

"Kullum haka kake yi musu?"

Na ce kusan kullum.

"Da auduga."

Na ce e.

Ta ce, "Jiya ta buɗe ido. Na kira ta, ta juyo wajen muryata, amma ba ni take kallo ba. Bango take kallo. Likita ya haska mata fitila, ko ƙiftawa."

Na ce wani lokaci gani kan dawo.

"Ikrima, sanda kak kawo injin ga bara waccan, ni da bakina nic ce a kai shi bakin rafi inda kowa ke niƙa. Kac ce a'a, ana sace dutse can. Kac ce a sa shi tsakar gida, kusa da rijiya, don a samu ruwan wanki. Ƙura ta riƙa sauka bisa tuwonmu, bisa shimfiɗa, bisa kan ɗiyan ga suna rarrafe. Na ce maka tana sa mu tari. Kac ce ƙasa ce, ƙasa ba ta kashe ɗan ƙauye."

Na ce na gaya musu su riƙa yayyafa ruwa.

"Ba ka ce ba."

Na ce na ce.

"Kai ka karanta ruwa. Shekara ashirin kana duba ruwan mutanen da ba su san sunan ubanka ba. Mu ba mu karanta komi ba. Kai munka dogara. Da kaz zo Duza, ka taɓa shan ruwan rijiyarmu? Da gorarka kake zuwa. Ni ina cewa tsabta ce ta 'yan boko."

Na ce mata ba wanda ya tilasta wa Sufyanu, da ƙafarsa ya zo neman abin yi. Na ce shinkafar da suka ci shekara biyu, da rufin kwanon da aka yi mata, ba daga sama suka faɗo ba. Na ce in tana neman wanda za ta ɗora wa, ta fara da uwar da ta bar yarinya na wasa a gindin inji.

Ta daɗe tana kallona. Na zaci za ta mari gilashin, har na matsa na tare. Ta ga na tare.

"Kwantar da hankalinka," in ji ta. "Ni ba ni taɓa abin da wani ke so."

Ta fita. Na share inda takalmanta suka taka, na bi da jiƙaƙƙen tsumma.

Asabar, 4 ga Mayu, da safe

Na ce su yayyafa ruwa. Ranar da aka kafa injin, a gindin itacen bedi, na faɗa. Wataƙila ƙarar injin ta hana su ji.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan Azahar

Wajen auna gishirin sabon ruwa na zuba fiye da kima. Dole na zubar da bokiti guda na sake haɗawa. Jarka huɗu suka rage. In ruwan sama bai sauka ba kafin ƙarshen wata, ban san yadda zan yi ba. Na rijiyar gari ba zan sa musu ba, ban yarda da shi ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan La'asar

Ma'aikatan lafiya sun je Duza jiya. Shafa'atu ce ta gaya mini, tana tsaye tana ninke kaya, ba ta dube ni ba. Ƙasar tsakar gidan duk sai an kankare an kwashe. An rufe rijiyar. An gwada jaririn Aisatu, shi ma akwai a jininsa, kwanansa talatin da biyu a duniya. An ce kada su ƙara kwana a gidan, sun koma wurin dangin Aisatu a Gummi.

Na tambaya ko an rubuta sunan mai inji.

Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Abin da za ka tambaya ke nan?"

Na ce tambaya ce.

"Sufyanu ya ce nasa ne. A gaban mai gari, a gaban surukansa. Baban Aisatu ya tofa masa yawu a riga, ya ce ya kashe 'ya'yansa da kwaɗayi. Yaron nan bai ɗago kai ba. Hankalinka ya kwanta?"

Na ce ta rage murya.

Na Biyar ya fitar da saiwa daga gefe, sama da yashi, ja, tana gangarowa. Irin wadda nake gani a Kalaba. Ban zaci zan gan ta kafin shekara biyu ba. Ba wanda zan nuna wa.

Lahadi, 12 ga Mayu, da hantsi

Hadari ya haɗu ta gabas, na fitar da robobi, iska ta watsa shi.

Talata, 14 ga Mayu, bayan La'asar

An sallamo su. Hafsa za ta ci gaba da shan magani a gida, a riƙa kai ta ana duba jini, shi ya sa za su ƙara kwanaki a nan.

Na gan ta daga taga lokacin da Sufyanu ya sauko da ita. Ba ta tsayuwa. Hannun dama a lanƙwashe a ƙirji. Idanun a buɗe tar, kyawawa kamar da, ba sa bin komai. Ba ta ce Inna, ba ta ce Kaka. Wani kuka take yi siriri, mai tsawo, ta tsaya ta ja numfashi ta sake.

Hannun dama ne na buge. Ciwon ne ya lanƙwasa shi. Haka yake yi, yana cikin takardu.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan Azahar

Kukan ba ya tsayawa. Daga asuba har yanzu. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan Magariba

Na dawo daga masallacin Juma'a na ji gidan shiru. Na tsaya a zaure na kasa shiga. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Suna falo. Shafa'atu ta buɗe. Ta zauna a ƙasa ta ɗora yarinyar a cinya, kunnenta manne da gilashin, daidai inda kumfa ke tashi. Yarinyar ta yi lamo. Bakinta a buɗe, yawu na zuba, amma fuskar ta saki. Yaya na zaune a gefe tana gyangyaɗi, ina jin barcinta na farko ke nan cikin kwanaki.

Shafa'atu ta ɗaga mini hannu, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Don Allah, Malam. Ƙarar ruwan ce. Da na wuce da ita ta ƙofar sai ta yi shiru, na koma baya ta fara, na dawo ta daina. Ba za ta taɓa komai ba. Ba ta ma iya taɓawa."

Na tsaya. Yarinyar ta yi wani ɗan sauti, kamar tana kwaikwayon kumfar da leɓenta.

Na ce zuwa magariba kawai.

Na zauna a zaure har aka kira salla. Ban iya karanta komai ba.

Asabar, 18 ga Mayu, da safe

Ganye biyu na Na Ɗaya sun yi rawaya, ɗaya ya faɗi cikin ruwa. Jiya lafiyarsu ƙalau. Ga shatin yawu a jikin gilashi. Mutum uku sun yi awa huɗu a ɗakin suna numfashi, an kuma juya fankar, na ga alamar ƙafarta a ƙasa.

Na sa kwaɗo. Makullin yana aljihuna.

Asabar ɗin dai, bayan Azahar

Shafa'atu ta durƙusa mini a tsakar gida. Shekara talatin da ɗaya da aurenmu ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta ce ko awa ɗaya a yini. Ta ce ko injin iskar kawai in ba su, su sa a bokiti.

Na ce injin ɗaya ne. In ya tsaya ruwan zai mutu.

Ta ce, "Itace ne, Malam."

Na ce na san abin da yake.

Sun gwada da karan dawa, Shafa'atu na hura iska cikin kwano. Yarinyar ta yi shiru kaɗan, sannan ta gane ba shi ba ne. Yanzu sun shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar falon, sun jingina kanta da katako. Ban hana ba. Sai na tsallake su in zan shiga.

Litinin, 20 ga Mayu, da hantsi

Sufyanu ya ɓace tun jiya. Yau da safe motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidana, shi da mutum biyu suka sauke injin. Ya wanke shi, ya naɗe da leda, ya ɗaure da igiya, amma duk wanda ya taɓa zuwa Duza ya san siffarsa. Suka ajiye shi daidai inda nake shimfiɗa buzuna da yamma. Mutane sun taru.

Na ce ya shigo mu yi magana a ciki.

Ya ce, "Ba magana, Kawu. Na ce nawa na, an rubuta nawa na, ba ni canzawa. Amma ba ni iya kallonshi. Kayanka na, ga shi."

Bai ɗaga murya ba. Bai durƙusa ba kuma.

Wani maƙwabci ya tambaye ni na mene ne. Na ce ajiya ce.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan Azahar

Sun tafi Gummi. Za su riƙa kawo Hafsa duba jini daga can, duk da nisa da halin da hanya ke ciki. Na ce ai ɗakin baya yana nan. Suka ci gaba da haɗa kaya.

Yaya ta goya ta kamar jaririya, ƙafafun na reto. A zaure ta tsaya.

"Ikrima, ni nig goye ka haka da Inna ta rasu. Shekarata tara. Ba gori nike maka ba, ina so ka san na tuna. In ka ji na mutu, kada ka zo. Na hwaɗa ma Sufyanu, in ka zo a mai da kai daga bakin gari."

Na ce zumunci ba a hannunta yake ba, na Allah ne.

"To ka kai ƙara wurinShi," in ji ta.

Shafa'atu ta fito da jaka. Ta ce za ta raka su, Yaya ba za ta iya da yarinya da mai jego ita kaɗai ba. Na tambaya yaushe za ta dawo. Ta ce akwai garin tuwo a randa, kuka da daddawa na cikin kwando. Na sake tambaya. Ta ce man gyaɗa ya kusa ƙarewa.

Jakar babba ce. Ta ɗauki har da darduma da Alƙur'aninta.

Alhamis, 23 ga Mayu, da safe

Shiru. Na buɗe ƙofar falo na bar ta a buɗe. Ana jin kumfar har tsakar gida.

Na dafa shayi ya ƙone.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan La'asar

An yi ruwan farko. Na cika jarka shida bayan na bar na farkon ya wanke kwano. Na Uku ya mutu, na cire shi, saiwar ta yi laushi tana wari. Biyar.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan Azahar

Wani mutum ya yi sallama, Makau sunansa, daga wajen Nasarawa Burkullu. Ya ce ya ji ina da injin da ba a aiki da shi. Sun samu dutse mai kyau a wajensu, ba su da abin niƙa. Yana so ya riƙa aiki da shi muna rabawa, yadda aka saba. Mutum ne mai fara'a, ya kawo mini ƙwan zabi a ƙwarya.

Na shigar da shi falo. Ya tsugunna gaban gilashin yana ta mamaki, ya ce bai taɓa ganin itace na tsiro cikin ruwan gishiri ba. Na nuna masa saiwar Na Biyar. Ya ce, "Kai, Malam, Allah ya ba ka hannu." Mun daɗe. Na ba shi labarin Kalaba.

Sannan muka fito wurin injin. Ya kwance ledar, ya juya belin, ya ce lafiya lau yake. Na tambaye shi inda zai kafa shi.

"Cikin gida mana, Malam. Dajin namu yanzu wa ke barin kaya waje? Ina da fili tsakar gida, ga rijiya kusa."

Na ce gidan da yara?

Ya yi dariya. "Alhamdu lillahi, bakwai. Ƙaramar ba ta daɗe da fara rarrafe ba. Mi ya sa ka tambaya?"

Na dube shi. Yana jira, yana murmushi, hannunsa a kan injin.

Na ce ba komai. Na ce ya zo da mota ranar Litinin, da wuri, kafin mutane su fito.